Sallau Mai Mashi Biyu

Wani mutum ne a garinmu, Sallau. Ya yi shekara huɗu a Ikko, ya dawo da wando mai walƙiya da baki mai tsawo. Abin da ya yi a can, Allah masani. Shi dai ya ce dambe ya yi.

Kullum da hantsi yana kan bencin mahauta. Mu mahauta kuwa dambe gadonmu ne, muna son jin labarinsa. Sai a yanka masa balangu kyauta, ya buɗe baki.

"Mutum arba'in na kai ƙasa," in ji shi. "Akwai wanda na nausa a Agege, sai a Ibadan aka tsinci haƙorinsa."

Wata rana Baba Jatau, Sarkin Dambenmu, ya tambaye shi: "Sallau, me ke cika ɗan dambe?"

"Ƙarfi, Baba! Sai ƙarfi. Sai ƙarin ƙarfi."

"Ƙafa fa? Ido? Numfashi? Garkuwa?"

"Garkuwa ta matsorata ce. Ni a Ikko hannu biyu nake ɗaurewa. Mashi biyu!"

Kowa ya san hannu ɗaya ake naɗewa da ƙyalle da zare, shi ne mashi. Ɗayan a buɗe ake barinsa, shi ne garkuwa, da shi kake tarewa. Kuma in hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an yi kisa, wasa ya ƙare. Baba Jatau ya ɓantari goronsa.

Da kaka ta yi, Sarkin Fawa ya gaji. Ya ce naman da Sallau ya ci ya kai sa guda, har kai da ƙafa.

"Ranar Juma'a bayan la'asar za ka shiga fili da Ilu Gajere, mai wanke mana kayan ciki. Ka tsaya turmi ɗaya, benci da balangu naka ne har ka mutu. In ba haka ba, ko ƙashi ba ka ƙara tsotsa a rumfar nan."

Sai Sallau ya yi dabara. Ya san Baba Jatau ba ya wasa da ƙa'ida. Zai ce sai an ɗaure masa hannu biyu, a hana, ya yi fushi ya tafi, ya ce tsoronsa aka ji. Matarsa ya gaya wa, ita ta gaya wa tawa, ni kuma na raɗa wa Baba Jatau.

Juma'a fili ya cika maƙil. Sai ga Sallau cikin wandon nan na Ikko, ya rataya wa zariyarsa layu sun fi ashirin, kowace kamar curin sabulu.

"Mashi biyu, ko in koma gida!"

"A ɗaure masa," in ji Baba Jatau.

Sallau ya yi turus. "Baba, ƙa'ida fa?"

"Babban baƙo ne kai. A yi maka yadda ka saba. Ilu, ka yarda?"

Ilu ya ɗaga kafaɗa.

Ni na ɗaure masa. Na ja zaren sosai, don ni mutum ne mai girmama manyan 'yan wasa. Hannayen suka koma kamar kawunan taɓarya.

Makaɗi ya saki kalangu. Sallau ya ga ba mafita sai ya tsorata Ilu. Ya hau tsuma. Ya yi tsalle, ya buga ƙirji, ya yi kururuwa, layu na ta kacau-kacau. Ilu dai ya kafa ƙafa, garkuwa a gaba, ido a kansa. Ko numfashinsa ba ka ji.

Tsalle na bakwai, zariya ta ce tas!

Wando ya kama hanya. Sallau ya kai hannun dama, ba yatsa. Ya kai na hagu, ba yatsa. Ya matse gwiwoyi. Wando ya ce sululu, sai idon sawu. Ga ɗan kamfai na buhun gishiri, har da rubutun kamfani a baya.

Mata suka saki guɗa.

"Ilu, ɗan'uwana, don girman Allah tsaya! Ja min sama!"

"Da wane hannu, Yaya? Wannan mashi ne. Wannan kuwa na matsorata ne."

Ya sa garkuwar ya gyara nasa wandon, a hankali, don kowa ya gani. Sannan ya taka ƙasa da ƙarfi, ya ce, "Kai!"

Sallau ya zabura zai ja da baya. Wando ya harɗe shi. Tim! Mashi biyu a ƙasa, gwiwa biyu a ƙasa, buhun gishiri na kallon sama.

"Kisa," in ji Baba Jatau.

"Wane irin kisa? Baba, ko taɓa ni bai yi ba! Wa ya kashe ni?"

Baba Jatau ya sa sanda ya zaro wandon daga ƙafafunsa, ya ɗaga shi sama yadda ake ɗaga hannun wanda ya yi nasara. Makaɗi ya juya ya hau yi wa wando kirari.

Sarkin Fawa ya miƙe, ya kaɗe rigarsa.

"Sallau, kai ka huta a gida. Gobe da hantsi a aiko mana wandon. Shi ke da balangu."