Ranar da Na Kai Shaida Birmingham

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, kuma ba sai na duba kalanda zan faɗi shekarar ba. Ita ce shekarar da aka yi zafin nan na kwana biyu a Ingila, har jiragen ƙasa suka tsaya, Turawan layinmu a Gorton suka fito da kujeru ƙofar gida suna fifita da kwali. Ni kuwa ina wucewa ina yi musu dariya a zuci. Ban san saura mako guda in yi gumin da ya fi nasu ba.

Kafin in zo ƙasar nan, atamfa nake sayarwa a kasuwa a Kano. Matata Binta ce ta samu aikin nas, na biyo ta, na ƙare a gaban murhun gashi a wani gidan abinci a Rusholme. Alƙur'ani na sauke tun ina yaro, lissafi kuwa ko kalkuleta ba za ta riga ni ba. Amma boko aji uku na yi. Turancin baki na tsince shi a kicin, na takarda kuwa sai dai in dube shi ya dube ni. Yarana ba su sani ba. Binta ta sani, amma ba ta san zurfin abin ba, don kullum tabarau nake cewa na manta.

Abin da nake alfahari da shi ɗaya ne: ban taɓa cin bashi ba. Kati ba na riƙewa sai na albashi. Abin da ba ni da kuɗinsa ba na saya. Adashi muke zubawa mu goma sha biyu a hannun wani dattijo, Baba Sule, shekara tara ban taɓa makara ba.

A watan azumin shekarar ne mai gidan da muke haya ya ce zai sayar. Mutumin kirki ne, ya ba mu wata huɗu mu nemi hanyar saye kafin ya sa shi a kasuwa. Shekara goma sha ɗaya muna gidan. Makarantar yara minti biyar ce a ƙafa, kuma a gaban gidan akwai bishiyar tuffa da Binta ta dasa shekarar da aka haifi Amira, 'yarmu ta fari. Difozit, wato kafin alƙalami, muna da shi, albarkacin adashi. Saura wanda zai cika mana sauran, ta hanyar da babu ruwa a ciki. Aka haɗa mu da Hajiya Rabi, wata akanta 'yar Zariya da ke Birmingham, wadda aikinta ke nan, shiga tsakanin mutane da masu ba da mogej, wato bashin sayen gida, irin na Musulunci. Ta ba mu rana, ta ce mu zo da takardun albashi, kuma za ta duba tarihin kiredit ɗinmu, wato yadda bankuna ke ganin amanar mutum.

Da na ji maganar amana ce, sai hankalina ya kwanta. A kasuwa na san yadda ake yi. Idan baƙo yana son dilar atamfa bashi, ba takarda yake kawowa ba. Mutum yake kawowa, babba wanda aka sani, ya tsaya ya ce na san shi, shi ke nan a ɗaure masa kaya. Saboda haka na je na roƙi Baba Sule ya raka mu. Binta ta ce ba haka ake yi a nan ba. Na ce mata ita asibiti ta sani, harkar kuɗi ta bar wa 'yan kasuwa (Allah ya ba matar nan haƙuri).

Baba Sule bai ɗauki abin da wasa ba. Babbar riga ya sa, mai aiki har gwiwa, da hula da carbi, ya riƙo littafin adashi a leda. Na biya mana kuɗin mota mu uku, na saya masa ruwa da ayaba a tasha. Tun daga Manchester har Birmingham yana maimaita abin da zai faɗa, ni ina gyara masa, ina tuna masa shekarar da na ba da zubina sau biyu don wani ya yi jinyar mahaifiyarsa.

Ofishin Hajiya Rabi ɗan ƙarami ne, a saman wani kantin magani. Kujeru biyu ta ajiye, sai da ta aro ta uku. Ta gaishe da Baba har da rusunawa, ta ɗauka mahaifina ne. Da na bayyana mata cewa shaida ne, na ga ta kalli Binta, Binta kuma ta kalli silin.

Ta nemi izinina, ta shigar da sunana a kwamfuta. Kafin abin ya buɗe, Baba Sule ya gyara murya ya miƙe tsaye, kamar a wajen ɗaurin aure. Ya fara daga kakana, wanda bai taɓa gani ba. Ya buɗe littafin adashi ya nuna layina, shekara tara babu giɓi. Ya ce a duk Hausawan Manchester, in ana neman wanda za a bar wa jakar kuɗi a tafi Hajji, ni ne. Ni kuwa na sunkuyar da kai irin na mai tawali'u, alhali daɗi kamar ya kashe ni. Ya rufe da cewa, "Hajiya, ki rubuta da sunana. Yaron nan ko kwabo ba a binsa a duniya."

Hajiya Rabi ta bari ya zauna. Sannan ta juyo da fuskar kwamfutar a hankali, ta sa biro a kan wani layi ja.

"Malam, akwai hukuncin kotu a kanka. Shekara uku ke nan. Kuɗin waya ne, fam ɗari biyu da tamanin. Ba su aiko maka da wasiƙu ba?"

Sun aiko. Wallahi sun aiko, har sun gaji.

Ga abin da ya faru. Shekara huɗu kafin nan, wani malamin jami'a daga gida, Malam Nura, ya zo ƙarin karatu yana zaune a Withington. Sabon zuwa ne, kamfanin waya ya ƙi ba shi kwantiragi. Aka kawo shi wajena in ara masa sunana, shi zai riƙa biya. Binta ta ce kada in sa hannu. Na ce mata na fasa, na zagaya na sa. Ya biya na shekara guda, karatunsa ya ƙare, ya koma gida, wataƙila ma ya ɗauka ya gama. Wasiƙu suka fara zuwa da sunana. Na gane tambarin kamfanin, ban iya karanta sauran ba. In kai wa Binta, asirina ya tonu kashi biyu: na yi mata ƙarya, kuma ba tabarau ne matsalata ba. Sai na riƙa tura su cikin akwatin da nake ajiye kayan Sallah. Da suka daina zuwa, na ce alhamdu lillahi, Nura ya biya.

Duk wannan sai da na faɗe shi da bakina a ofishin nan, a gaban matata, gumi yana bin bayana. Da na zo kan sunan Malam Nura, na ji carbin Baba Sule ya tsaya. Don shi ne ya kawo mini shi. Shi ne ya tsaya a falona, da wannan babbar rigar, ya ce na san shi. Ya mayar da littafin adashi cikin leda a hankali, ya tambayi inda ake alwala.

Hajiya Rabi ba ta yi dariya ba, kuma na gode mata har gobe. Ta ce tarihin Binta fes yake, amma albashinta kaɗai ba zai ɗauki gidan ba. Nawa kuma, ban da jan layin nan babu komai a ciki, ko rajistar zaɓe ban yi ba. Rashin cin bashin da nake taƙama da shi, a wajensu rashin shaida ne. Ko na biya yau, hukuncin sai ya cika shekara shida kafin ya goge. Mai gida kuwa wata huɗu ya ba mu.

A mota muna dawowa, Baba ya yi barci, ko ya yi kamar ya yi. Ina jiran faɗa. Binta ta daɗe tana kallon taga, sannan ta ce, "Abban Amira, fam ɗari biyu da tamanin ai kuɗin aikin kwana biyu ne a wajena. Da ka miƙo mini takarda ɗaya kawai." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari na ciro wasiƙun daga ƙarƙashin shaddata, guda goma sha huɗu, ta karanta mini su ɗaya bayan ɗaya. Muka biya a makon. Na yi rajistar zaɓe a kansul, ƙaramar hukumarmu. Hajiya Rabi ta sa na karɓi wani ƙaramin katin bashi irin wanda ake ba masu tabo, na tambayi malaminmu, ya ce muddin ina biya duka kafin ruwa ya hau, shi bai ga laifi ba. Tikitin bas na wata kawai nake saya da shi, in biya ranar albashi. Ni da na ɗaure diloli da baki, na koma ina nuna wa na'ura cewa zan iya riƙe amanar kuɗin bas. Wata bayan wata, shekara uku.

Na kuma shiga ajin manya, Talata da Alhamis bayan La'asar, ni da wata tsohuwa 'yar Somaliya da wani Bature mai gyaran rufi da ya fi ni jin kunya. Da na fara gane baƙaƙen, Hausa ma ta zauna a hannuna, ga shi ina rubuta wannan da kaina.

Bara jan layin ya goge. Bankina ya aiko da wasiƙa cewa za su ba ni kati irin na kowa, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, sau biyu, babu mai taimako. Takardunmu na neman wani gidan suna hannun Hajiya Rabi yanzu, kuma wannan karon mu biyu muka je. Baba Sule yana nan, muna zuba adashi, amma na lura in aka kawo masa baƙo, cewa yake yi ya san mahaifinsa dai.

Na koyi cewa a ƙasar nan ambulan da ba ka buɗe ba ita ma shaida ce, kuma ta fi babbar riga ƙarfin murya. Abin da darasin ya ci mini kuwa, ga shi: fam ɗari biyu da tamanin, kuɗin mota na mutum uku da ayaba, shekara uku, da gida ɗaya mai bishiyar tuffa. Ta gabansa bas ɗina yake bi. Waɗanda suka saya ba su sare ta ba.