Kanun Labarai a Gidan Kaka Gunborg

Wani ne a garin Umeå, can ƙasar ƙanƙara, baƙo, ya zo daga wata ƙasa mai zafi inda ake tare mutum a hanya a tambayi lafiyarsa har da ta akuyarsa. Har yau idan aka tuna masa ranar da ya fara ganin Majken, sai ya dafe ƙirji ya ce ai ita ce ta fara jan sa.

A tashar bas ne. Ƙanƙara na zuba, mutane sun jeru, kowa ya bar filin da za a iya ajiye mota tsakaninsa da na kusa da shi. Mutumin naku ya hango wata mai jar hula, hancinta ya yi ja don sanyi, tana karanta littafi da safar hannu. Ya ga fili a gefenta, ya ce asara ce a bar shi haka. Ya matsa. Ta matsa. Ya ƙara matsawa. Ta ƙara. A haka har suka bar tashar suka kai ƙofar wani shagon burodi, bas ta zo ta wuce ta bar su.

Ta rufe littafin, ta ce da Turanci, "Malam, lafiya? Mutuwa aka yi?"

Ya ce, "A'a. Sannu kawai zan ce miki."

Ta ce, "Duk wannan tafiyar don sannu?"

Tunda bas ta tafi, sai suka shiga shan kofi. Daga nan fa aka ɗora.

Shekara ta zagayo, ya ce aure. Majken ta ce, "Mu gani." Kun dai san mutanen nan, sai su haifi 'ya'ya uku, su sayi gida da kare, sannan su fara tunanin ko sun dace da juna. Ya tambaya a bakin kogi, ta ce mu gani. Ya tambaya a cikin dusar ƙanƙara, gwiwarsa har ta sandare, ta ɗaga shi ta karkaɗe masa wando, ta ce mu gani.

Rannan dai ta gaji. Ta ce, "Ka ga, kakata Gunborg ce ta rene ni, kuma ba ta jin Turanci ko na zagi. Za a yi mata bikin zagayowar haihuwa idan sanyi ya fara sauƙi. Ranar da ka zauna kuka yi hira da ita da yaren ƙasar nan, ranar zan ba ka amsa. In kuwa ka je ka zauna kamar gunki, to kada ka sake tambayata."

Ya ruga ajin da ake koya wa baƙi yare. Malamar ta ce, "Yare ba a littafi yake ba. Ku shiga cikin mutane, ku riƙa sauraron labarai."

Shiga cikin mutane kuma? Ya ce wannan ai aikinsa ne tun yana goye.

Ya fara da maƙwabcinsa Rune, wanda ƙofarsu ke kallon juna. Shi Rune kamar kowa ne, ba ya fita sai ya leƙa ta 'yar hudar ƙofa ya tabbatar babu kowa a matakala. Mutumin naku ya lura da ido a hudar, ya ce Allah sarki, kunya ce da shi, bari in sauƙaƙa masa. Ya ɗauko kujera ya zauna a bakin ƙofar da butar shayi da kofi biyu. Ido ya leƙo ya koma. Ya leƙo ya koma. Can da yamma sai ga Rune yana sauka ta taga, da jakar shara a haƙora.

Ya koma bas. Ya shiga ya tarar babu kowa sai wani tsoho a can baya. Ya wuce kujeru duka, ya je ya zauna a gefensa, ya ce da yaren, "Yaya gida?"

Tsoho ya danna ƙararrawa. Ya sauka a tsakiyar daji, inda babu gida babu fitila, sai barewar nan mai girman raƙumi. Ya gwammace ta.

Wanda kuwa ya samu ya ritsa shi a lungu, sai ya ce masa da Turanci, "Kai, yarenka ya yi kyau ƙwarai!" ya zame ya gudu.

Abu ɗaya ne bai guje shi ba, rediyo. Akwai labaran da ake karanta wa baƙi a hankali, kalma bayan kalma. Ya liƙe musu. A ɗakin girkin asibitin da yake feren dankali, rediyo na aljihunsa. A banɗaki, rediyo. Mai labarai ya faɗa, shi ya maimaita, har da gyaran muryar. Kafin sanyi ya yi sauƙi ya iya cewa majalisa ta ɗage zamanta, ya iya cewa jirgin ƙasa ya makara saboda ganye a kan dogo. Amma "miƙo min gishiri" bai taɓa jin an faɗa ba.

Majken ta ce, "Yaya yaren namu?"

Ya ce, "Ana samun ci gaba, in ji wata majiya mai tushe."

Ta yi dariya. Ta zaci wasa yake.

Ranar biki aka taru a gidan Kaka Gunborg. An tuɓe takalma a ƙofa, an zuba kofi, ga biskit kala bakwai, ga koren kek ɗin nan mai kirim a tsakiya. Akwai Torsten, kawun Majken, mai tumbi da ƙaramar murya. Akwai Birgitta, ƙanwar uwarta, da mijinta wanda ba a taɓa jin muryarsa ba tun ranar ɗaurin aurensu. Aka zaunar da mutumin naku kusa da tsohuwa.

Kaka ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "To, ɗan nan, yaya ka ga garin namu?"

Ya gyara murya ya ce, "Ana sa ran zubar ƙanƙara a arewa, da iska mai ƙarfi a gaɓar teku. An shawarci masu tuƙi su yi hattara."

Kaka ta ajiye kofi ta ce, "Ai kuwa gaskiya ne! Majken, yaron nan akwai hankali."

Torsten ya ce, "Bara war haka ma an yi iska."

Mutumin naku ya ce, "Masana sun danganta hakan da sauyin yanayi."

Birgitta ta harari mijinta ta ce, "Ka ji yadda ake hira."

Aka yi ta yi. Sun yi zancen ƙanƙara, sun yi na ruwan sama, sun koma ƙanƙara. Ba wanda ya gane labaran rediyo yake maimaitawa. Majken na satar kallonsa ta saman kofi, idonta na sheƙi.

Sai kek ya rage yanki ɗaya.

Kowa ya kalle shi ya kau da kai. Torsten ya ɗauki wuƙa ya ce, "Bari in ɗan rage, kada ya bushe." Ya raba biyu ya ɗauki rabi. Birgitta ta ce, "Ni fa na ƙoshi," ta raba rabin ta ɗauka. Torsten ya dawo. Mijin Birgitta ya yanki nasa shiru. Torsten ya sake dawowa. Aka yi ta sassaƙar kek har abin da ya rage a faranti, in ka ɗaga shi za ka iya karanta jarida ta cikinsa.

Mutumin naku ya ga abin tausayi. A inda ya fito, barin abinci a faranti zagin mai girki ne. Ya dubi Kaka, ya ga ta zuba wa yankin ido. Ya ce a ransa, baiwar Allah, an wulaƙanta kek ɗinta a gabanta. Ya miƙa hannu ya ɗauke, ya jefa a baki, ya suɗe farantin da yatsa.

Cokalin Birgitta ya tsaya a iska. Har agogon bango sai da ya rage murya.

Majken ta raɗa masa da Turanci, "Ka cinye na ƙarshen!"

Ya ce, "Ai ba mai so."

Ta ce, "Kowa na so! Shi ya sa ba mai ɗauka!"

Ya dubi fuskoki, ya ga aure na sulalewa ta ƙarƙashin ƙofa. Dole ya ba da haƙuri, kuma da yaren ƙasar. Ya laluba kansa, babu haƙuri ko ɗaya a ciki. Sai ya miƙe tsaye, ya ƙwanƙwasa kofi da cokali, ya gyara murya.

"Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka, ga kanun labarai. Wani yankin kek ya ɓace ɗazu a arewacin ƙasar nan. Kawo yanzu babu rahoton asarar rai. Wanda ake zargi ya amsa laifinsa, amma ya ce yankin ya riga ya jikkata kafin isowarsa."

Majken ta ce, "Zauna."

"Ganau sun shaida cewa wani mai suna Torsten ya kai hari wurin sau da dama ɗauke da wuƙa. Masana sun ce in aka haɗa abin da ya yanka, ya kai rabin kek ɗin."

Torsten ya ce, "Kai, ni ragewa kawai na yi!"

"Torsten ya musanta zargin."

Mijin Birgitta ya saki wata irin dariya kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. Kaka kuwa ta riƙe haƙoranta na roba da hannu ɗaya, tana dukan tebur da ɗayan, tana cewa, "Ƙyale shi, ƙyale shi! Tun yana yaro haka Torsten yake yi, ba wanda ya taɓa faɗa!"

Mutumin naku ya ga kasuwa ta buɗe. Ya ƙara gyara tsayuwa.

"A wani labarin kuma, tattaunawar da ake yi kan batun aure tsakanin ɓangarori biyu ta cije. Ɓangaren namiji ya gabatar da buƙatarsa a bakin kogi da kuma cikin ƙanƙara, inda ya samu rauni a gwiwa. Ɓangaren mace ya ce za a gani. Har yanzu ba a gani ba."

Fuskar Majken ta koma kalar hularta ta ranar farko. Ta ja masa riga. "Don Allah ka zauna, kowa na kallona!"

Kaka ta ce, "A'a, bar shi, ina sauraro. Sai me ya faru, ɗan nan?"

"Wata majiya ta kusa da ɓangaren namiji, wadda ta nemi a sakaya sunanta, ta ce ba ya iya cin abinci, in ban da kek. Za mu ci gaba da kawo muku rahoto a kan lamarin duk bayan labarai, a nan, da cikin bas, da wurin aikinta, har sai an cimma matsaya. Yanzu kuma sai labarin wasanni."

Majken ta miƙe tsaye, kujera ta faɗi. Ta ɗaga murya yadda ba a taɓa ɗagawa a gidan ba, har Rune ma da yana kusa da ya leƙo.

Ta ce, "Na yi alƙawari a gaban Kaka da kowa, zan aure ka! Amma ka kuskura ka shiga wasannin nan, na fasa."