Yadda Za Ka Wanke Benenka Daga Kisan Tsuntsaye

Kai manajan benen gilashin nan na bakin tafki a Chicago, na gan ka jiya. Ka tsallake gawar tsuntsu a ƙofa, ka kau da kai ko gezau. Madalla, kana da baiwa. Bi matakan nan, na lamunce maka ba mai kama ka.

1. Riga Madam Dorota fitowa
Tsohuwar nas ce, shekararta saba'in. Ba mai biyanta, amma kullum da asuba tana zagaya benen da jakunkunan takarda, tana tsince tsuntsayen da suka daki taga a hanyarsu ta ƙaura. Ranar Alhamis za ta kai adadinsu gaban kwamitin bene, a tilasta maka manna ɗigo-ɗigo a gilashi don tsuntsaye su gan shi su kauce. Ba gawa, ba shaida. Sa Terrence mai shara ya riga ta.

2. Kada ka duba numfashi
Wasu suma kawai suka yi. Awa biyu cikin jakar takarda, sai su tashi. In Terrence ya ce, "Oga, wannan fa yana ƙifta ido," ka ce, "Yaushe ka zama likita? Zuba a kwando!"

3. Manna hoton shaho guda ɗaya
Hawa goma sha biyu, hoto ɗaya. Tsuntsu zai kauce masa ya fasa kai taku ɗaya a gefe, amma 'yan haya za su yaba tausayinka. Masana irina sun tabbatar: wanda aka gargaɗa ya mutu, ganganci ya yi.

4. Iya bakinka
Za ta tare ka: "Ɗan nan, jiya sha huɗu na tsinta, yau daɓe fes kamar an lashe. Tabarau kuka raba musu?"
Yi murmushi: "Mama, je ki huta, ki tausaya wa gwiwarki."

Gargaɗi
Ba ruwana da abin da zai biyo baya, musamman da yake tun Litinin Terrence ke ɓoye masu rai a aljihu, yana miƙa mata ta ƙofar baya. Mai shara ya fi ka, kuma ba ni na sa shi ba. In da sauran kunya a idonka, gobe da asuba ka hana shara, ka karɓi jaka ka bi tsohuwar nan kana sunkuyawa. Ranar Alhamis ka miƙe gaban kwamitin ka faɗi adadin da bakinka.