Yadda Na Bi Ƙwallon Malam Cikin Ƙullu

Rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara. Mijina Malam, Allah Ya jiƙansa, ya bar mini wayarsa da wani wasa a ciki: ƙwallo mai tsalle, in ka karkata waya sai ta gangara. Rami guda ya gagare shi har ya rasu. In na tuna sai hawaye.

Ranar sadakar arba'in, dangi sun zo daga Likoro ana shirin suyar waina, na ce yau zan tsallake masa ramin nan. Ni da nake ɗaukar tulu ko ɗigo bai zuba ba, ƙwallo ce za ta gagare ni?

Na ɓoye waya cikin hijabi. Ƙwallo ta yi hagu, na bi ta da jikina duka. Kujera ta goce, sai ga ni zaune cikin robar ƙullu.

Mata suka taso da salati: "Baƙin ciki ya kayar da Iya!" Sai waya ta saki kiɗa.

Ƙanwar Malam ta ce, "Matar yaya, takabar ke nan?" Ƙullun waina ya tafi, sai fura baƙi suka sha ranar.

Har yau in na taɓa waya sai ta ɗaga murya: "Jama'a, a kau da ƙullu!"