Yadda Za Ka Samu Godiya a Ofis Kamar a Fim

Ɗan'uwa ma'aikaci, jawo kujera. Idan kana cikin masu ƙarar da data a kan finafinan nan da ake soyayya a ofis, kuma akwai wata a wurin aikinku da ke hana ka gane abin da ke cikin fayil, to ka zo wurin gwani. Ni Nehemiya, shekarata goma sha ɗaya a wata ma'aikata a Jalingo da ba zan kama sunanta ba. Na kalli irin finafinan nan sun fi ɗari, na kuma gwada su a kan wata ma'aikaciyar rajista mai suna Godiya, wadda nake so har cikin raina. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, abin da ka roƙa shi za a ba ka, ba ragi ba ƙari.

Mataki na 1: Kada ka kuskura ka faɗa mata

Wannan shi ne ginshiƙi. Ka taɓa ganin jarumin da ya ce "ina son ki" a minti na biyar? Ai da fim ya ƙare kafin ka gama ɓare gyaɗarka. Kallo za ka riƙa yi, da ajiyar zuciya. Ni shekara biyu na yi ina wucewa ta tagar rajista ina sauke numfashi, har ta taɓa tambayata ko asma gare ni.

Mataki na 2: Yi karo da ita a baranda

A fim, takardu na watsewa, ku biyu ku sunkuya, hannu ya taɓa hannu. Amma ka fara duba irin kayan da ta ɗauko. Fayilolinmu tun na zamanin tsohuwar jihar Gongola ne, igiyarsu ta ruɓe. Da na bangaje ta, arba'in suka tarwatse, ita kuwa ko sunkuyawa ba ta yi ba.

"Oga Nehemiya, ka bar idonka a gida ne?" in ji ta. "Oya, tattara. Shafi bayan shafi fa."

Awa biyu ina durƙushe tana tsaye a kaina. Ka lissafa wannan a cikin ci gaba, domin ba a taɓa barinmu mu kaɗai na tsawon haka ba.

Mataki na 3: Ku maƙale a wuri ɗaya

Masu fim da lif suke yin wannan. Ginin namu ko bene ba shi da shi, saboda haka ka nemi sito mai ƙofar da ke cijewa. Ka shiga ka laɓe, da ka ji an shigo ka tura ƙofar. Shawara kyauta: ka leƙa tukuna. Wanda na kulle mu tare shi ne Tobiya, direban ofis, ya zo ɗaukar taya.

Awa uku muka yi kafin a kira kafinta. Zafi ya buɗe mini baki, na zayyane masa komai: Godiya a unguwar Nukkai take, ƙarfe huɗu take tashi daga aiki, gasasshiyar masara take so, ba ta son mai yawan surutu. Tobiya mutum ne mai ladabi, ba ya kallon fim. Abin da yake ta cewa kawai, "To, Oga. Sai kuma me yana so?"

Mataki na 4: Jira ruwan sama

Jarumi yakan tuɓe kwat ya rufa mata. Saboda haka ka sa kwat kullum, ko da watan Maris ne, ko da ƙurajen zafi sun feso maka har wuya. Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Ranar da ruwan ya sauko, ina cikin kokawa da hannun kwat ɗin, sai ga Tobiya ya tsayar da mota a bakin baranda ya buɗe ƙofa. Na hango masara a naɗe cikin takarda a kan kujera. Kada ka damu, kowane fim yana da irin waɗannan ƙananan 'yan wasa.

Mataki na 5: Rubuta wasiƙa ka cusa a fayil

Layi ɗaya ya isa, ba sa hannu. Ni da manyan baƙaƙe na rubuta tawa daga farko har ƙarshe, don ta ji nauyin maganar:

BA ABIN DA NAKE NEMA A OFISHIN NAN SAI GODIYA.

Abu biyu na manta. Fayil ba ya komawa rajista sai ya bi ta teburin darakta, Madam Lucy. Kuma Madam ta san rubutuna kamar yunwar cikinta.

Mataki na 6: Karɓi abin da ka roƙa

Ranar Litinin aka tara ma'aikata duka. Madam ta ɗaga takardata sama, idonta ya cika da ƙwalla.

"Ku duba mutumin nan," ta ce. "Shekara sha ɗaya yana wahala, babu wanda ya ce masa sannu. Bai nemi furomoshan ba, godiya kawai yana nema. Kunya ya kama ni. Kowa ya tashi ya gode masa!"

Aka yi layi. Mutum talatin da biyu suka ba ni hannu, mai gadi har da "useko" da Fulatanci. Aka miƙo mini takardar yabo a cikin gilashi, aka kuma sanar cewa an ba ni shugabancin ofishinmu na Sunkani, mai tebur ɗaya da ma'aikaci ɗaya.

Godiya ce ta ƙarshe a layi. Ta kalli takardar da ke hannun Madam, ta kalle ni, ta riƙe hannuna ba ta saki ba.

"Abin da kake nufi ke nan, Oga?" ta tambaya a hankali.

A daidai nan ake sa kiɗa a fim, jarumi ya yi magana. Na tsaya jiran kiɗa. Ta ɗan jira, sannan ta ce, "To, mun gode," ta koma rajista.

Mataki na 7: Tsaya a tasha, za ta biyo ka

Wannan kam masu fim ba su yi ƙarya ba. Ranar da zan tafi Sunkani na bar mota uku suka cika suka tashi ina waige. Sai ga ta ta sauko daga keke napep, da ambulan a hannu. Na miƙe ina gyara kwat.

Katin aure ne, ita da Tobiya.

"Ya ce kai ka koya masa komai a kaina," in ji ta. "Har masara."

Na ce ai na rubuta mata. Ta ce ta gane tun ranar.

"Shekara biyu ina jin numfashinka a taga, Nehemiya. Ina jira ka buɗe baki. Shi kwana uku ya yi, ya ce yana so na."

Har yau abin yana ci mini rai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a ƙurajen zafi, ciwon gwiwa, ko canjin wurin aikin da ya same ka. Idan sunan taka Murna ne, ka yi amfani da ƙananan baƙaƙe, ko ma ka yi amfani da bakinka. Mai ƙorafi ya same ni a Sunkani, ba layi, ba kowa. Ka dai sani alkawarina bai tashi ba: godiya na roƙa, ita aka ba ni, ga ta can a bango cikin gilashi. Kullum da safe sai na goge ta.