Rasuwar Wanzami, Mayankin Tabar Barandar Don Casimiro

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Evaristo Quiñones, na layin bayan coci a San Juan y Martínez, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk mai zuƙar taba rasuwar mayankin tabata, wanda 'yan barandar Don Casimiro suke kira Wanzami. Ya cika ranar Talatar da ta wuce, da yamma, a tafin hannuna, bayan jinyar da ta fi ƙarfin masu gyara.

Marigayin ƙarfe ne mai baki biyu, da zobba na sa yatsu, da rami a tsakiya inda kan taba ke shiga. Matata Herminia, Allah ya ji ƙanta, ita ta kawo shi gidan a shekarar da haƙorana na gaba suka zube. Kowa a garin nan da haƙori yake cire kan tabarsa, ya tofar, ya kunna. Ni kuwa na koma tsotson kan har ya jiƙe ya lalace. Ta ce, "Ba zan zauna da mijin da ke cin taba kamar akuya ba." Ban san inda ta samo shi ba, ban kuma tambaya ba. Magana a gidanmu tata ce, nawa sauraro.

Tsawon rayuwarsa bai taɓa wuce iyaka ba. Ya san taba naɗaɗɗiya tana da hula, ɗan guntun ganyen da mai naɗi ya liƙa mata a ka, kuma hular tana gangarowa ta tsaya a kafaɗa. Sama da kafaɗar nan yake yanka, abin da bai wuce kaurin ƙwayar shinkafa ba. Wanda ya yanka ƙasa da ita, rigar tabar za ta warware masa a baki. Wanda ya ji tsoro ya ɗan tsakura, zai ja har kunnuwansa su toshe hayaƙi bai zo ba. Mai taba ya ɗan jiƙa kan da leɓensa ya miƙo, in saka a ramin, in matso da bakunan har su taɓa ganye, in dakata. Sannan sau ɗaya, ba ɗar-ɗar. Ƙyas. Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a duniya, kuma bai taɓa maimaita shi a kan taba ɗaya ba.

Ya rasu ya bar Don Casimiro mai baranda, da ƙanwarsa Doña Ofelia, da Fermín tsohon direban bas, da Anacleto mai zakarun faɗa. Su huɗu ne, wasan domino da suke bugawa kuma mutum huɗu yake ɗauka. Ya bar ni ma, na biyar.

Dole in faɗi yadda na zama na biyar, don masu ta'aziyya su san girman rashin. Bayan Herminia ta tafi, gidana ya yi shirun da har tafiyar ƙadangare nake ji a kan kwano. Wata yamma ina wucewa sai Don Casimiro ya ƙwala min kira.

"Kai, Evaristo! An ce kana da ƙarfen da ke aikin haƙori. Zo ka taimaki marayu, mu huɗun nan ko an haɗa haƙoranmu ba za su cika bakin mutum ɗaya ba."

Aka jawo min kujera gefen tebur. Tun ranar a nan nake yini. Ban iya wasan ba, ban iya hira ba. Su buga, su zagi juna, in ji. A nan nake sanin wa ya mutu, wa ya haye teku, wa ke satar kallon 'ya'yan dominon abokin hamayya. In Doña Ofelia ta fito da gahawa, kofi biyar take fitowa da shi. Duk saboda marigayin.

Ciwon ajalinsa ya faro ne ranar da Anacleto ya are shi, wai zai yi baƙo. Ni ban iya hanawa ba. Ashe baƙon zakara ne, farcen bayan ƙafarsa ya datse da shi. Da ya dawo da shi na ga giɓi a baki ɗaya. Muryarsa ta canza, ya bar ƙyas ya koma ƙurus, ya fara tauna maimakon yanka. Ya kama tabar Doña Ofelia ya yage hular, rigar ta warware har rabi.

Ta ɗaga ta sama ta ce, "Evaristo, taba na ba ka, ka dawo min da tsintsiya?"

Anacleto, ba kunya ba tsoron Allah, ya ce, "Tsufa ne, yaya. Waye bakinsa bai mutu ba a barandar nan?"

Suka yi dariya. Ni ma na yi.

Na kai shi wurin Rigoberto mai ɗura gas a laitar kunna taba, mutumin da ya tayar da agogon kakan kowa a garin nan. Ya wasa shi har giɓin ya ɓace, amma bakin ya koma kamar takarda. Ya ce, "Baba, ka lallaɓa shi. Daga nan sai dai Fadan coci ya yi masa addu'a." Na lallaɓa. Ranar Talata, a kan tabar Don Casimiro, na dakata kamar kullum, na matsa, bakin ya karye gida biyu. Bai ce komai ba.

Washegari na je barandar hannu rabbana. Fermín ya zaro wuƙar aljihu ya yi wa kowa yankan karkace, yana ba da labarin 'yarsa da ke Tampa, can hayin teku, za ta aiko da mayankan roba, huɗu a leda, kowa nasa. Don Casimiro ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ga sai ka huta, tsoho." Da alheri ya faɗa, na sani. Ranar Alhamis na tarar da rediyo a kan kujerata. Ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda ya ɗauke rediyon. Na tsaya, na gaishe su, na koma gida.

Tun da na gama ajin manya ban rubuta takarda mai tsawon wannan ba, kuma roƙo ne ya sa. Duk mai tsohon bakin mayanki, ko mai tsatsa ne, ko na matacce ne a ƙasan akwati, ya taimaka ya kawo kafin ledar Tampa ta iso. Ina da kaji da injin ɗinkin Herminia, a zaɓa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da yamma. Za a sa marigayin a akwatin taba na katako, a binne shi gindin mangwaron da ke jikin barandar Don Casimiro, inda ya yi aikinsa. Za a karɓi gaisuwa a barandar, gefen tebur, don haka ana roƙon Doña Ofelia ta sama wa rediyo wani wuri. Za a yi addu'ar kwana tara yadda aka saba, kuma tun da marigayin baki biyu gare shi, kowane baki da nasa taran. Ba sai an tsayar da wasa ba. Ba sai an yi min magana ba.

Ban riga na nemi izinin Don Casimiro ba. Duk wanda ya fara ganin wannan sanarwa, don Allah ya karanta masa, idonsa ya yi rauni. A bari sai yana cin wasa.