Wayoyi Biyu da Na Haɗa a Lugbe

Tankin gidan hayarmu a Lugbe kullum sai ya cika ya yi ta zuba, don ba mai tuna kashe injin jan ruwa. Ni kuwa da na kalli bidiyo uku a waya, sai na sanar da maƙwabta cewa matsalar ta ƙare.

Na haɗa ɗan allo mai batir da zai riƙa kunna injin yana kashewa. Tsakaninsa da wutar gida akwai wata 'yar baƙar na'ura kamar ƙwayar wake mai raba su. Na tara mutanen gida na yi musu lacca: haske ne kawai ke kai umarni a cikinta, don kada babbar wuta ta taɓa ƙarama. Maƙwabciyata Madam Rifkatu ta ce, "Kai, oga, ashe muna da injiniya!"

Yabon na ratsa ni sai na hango wayoyi biyu, ɗaya ta ɓangaren batir, ɗaya ta wutar gida, kowacce a ware. Sai na ga kamar aiki bai kammala ba. Na haɗe su tsaf, na kunna.

Ɗas! Allon ya yi hayaƙi, ya tafi da makunnin injin. Kwana huɗu Malam Sani mai tura ruwa a kura yana yi mana jigila.

Har yau in ya gan ni sai ya tsayar da kurarsa, ya gaishe ni cikin ladabi: "Injiniya, yaushe za a sake gyara?"